Yadda Ake Nuna wa Ɗalibai Haifar da Lantarki ta Hanyar Kunna Batir da Kashe Shi

Yawancin malaman Fiziks idan suka iso darasin haifar da lantarki daga maganaɗisu, abin da suke yi shi ne su zura sandar maganaɗisu cikin naɗin waya, allurar mita ta motsa, a wuce gaba. Gwajin yana da kyau, sai dai yana barin ɗalibi da tunanin cewa motsin hannun malam ne sirrin abin. Gwajin da za a bayyana a nan ya cire motsi gaba ɗaya. Naɗin waya biyu ne a ajiye, babu inda jan ƙarfensu ya haɗu, babu abin da ke matsawa daga wurinsa, amma da zarar an danna makunni sai allura ta zabura ta koma, idan an saki ta sake zabura ta ɗaya gefen. Ɗalibin da ya ga haka da idonsa ba ya buƙatar haddar cewa canji ne ke haifar da lantarki.

Wannan shi ne ainihin gwajin da Michael Faraday ya yi a Landan ranar 29 ga Agusta, 1831. Tun a 1820 Oersted ya nuna a Denmak cewa wayar da lantarki ke bi tana karkata allurar kamfas, daga nan masana suka shiga neman akasin haka, wato yadda maganaɗisu zai ba da lantarki. An daɗe ana nema ba a dace ba, domin kowa yana jiran ya ga kwarara mai ɗorewa. Faraday ya sa aka ƙera masa zoben baƙin ƙarfe mai faɗin inci 6, ya naɗa waya a gefe guda, ya naɗa wata a ɗaya gefen, yana raba zagaye da zagaye da zare da ƙyalle saboda wayar lokacin tsirara take. Zoben yana nan har yau a gidan tarihin Royal Institution, cibiyar kimiyya ta Landan inda Faraday ya yi aiki.

Kayan aiki

Idan ɗakin gwajin makarantarku yana da naɗaɗɗun wayoyi na musamman da ƙarfensu mai siffar U, ka huta. Idan babu, duk abin da ake buƙata yana samuwa a kasuwa, kuma a ganina wanda aka haɗa da hannu ya fi amfani, domin ɗalibi yana ganin cikinsa da wajensa.

Ka je wurin masu naɗin kwayil na fanka da injin ban ruwa ka sayi wayar jan ƙarfe mai rufin banish kala biyu: mai kauri milimita 0.5 kimanin mita 15, da siririya mai milimita 0.3 kimanin mita 60. Sannan ka nemi guntun bututun roba irin wanda ake zura wayar wuta a bango, mai faɗin milimita 20, tsawon kamar santimita 10, kwali mai ɗan ƙarfi, salatif, samfefa ko reza, manyan baturan tocila guda biyu masu volt 1.5 kowanne, makunni irin na ƙararrawar ƙofa, wanda sai ana danne da shi yake aiki, da wayoyin haɗi.

Ƙarfen da za a zura a tsakiya yana da muhimmanci. Guntun rodi mai milimita 12 zai yi, amma abin da ya fi shi ne wayar da magina ke ɗaure rodi da ita. A yanka ta gunduwa-gunduwa tsawon santimita 15, a miƙar da su, a ɗaure su dami guda daidai cikin bututun. Ƙarfenta mai laushi ne, yana ɗaukar maganaɗisu da sauri yana kuma saki da sauri, ba kamar rodi ba da kan riƙe saura bayan an kashe wuta. Bayan haka, da yake sanduna ne rarrabe, lantarkin da kan riƙa kewayawa a cikin dunƙulallen ƙarfe yana cin ƙarfin gwajin ba ya samun hanya sosai.

Sai uwa uba, galbanomita, wato mitar da ke nuna 'yar ƙaramar kwararar lantarki, mai allura wadda sifirinta ke tsakiya. Kada ka dogara da mita mai lambobi. Tana sabunta karatunta ne sau biyu ko uku a daƙiƙa, abin da muke farauta kuwa yana zuwa ya wuce cikin ɗan abin da bai kai kashi ɗaya bisa ɗari na daƙiƙa ba, don haka wani lokaci ta nuna wata lamba, wani lokaci ta yi shiru, ɗalibai su fara shakkar ka. Idan mitar masu gyaran rediyo mai allura ce kawai a hannunka, ka sa ta a ma'aunin kwarara mafi ƙanƙanta. Matsalarta ita ce sifirinta yana gefen hagu, don haka gefe ɗaya kawai za ta nuna. Sai ka juya wayoyinta kafin a ga ɗayan.

Naɗin waya

Naɗi na farko, wanda batir zai ciyar, a kan bututun roba ake yin sa. Ka bar jelar waya kamar santimita 20, ka manne ta da salatif, sannan ka fara naɗa mai kaurin, zagaye na bin zagaye ba tare da hawa kan juna ba. Zagaye 100 za su ci kusan santimita 6. Ka rufe da salatif, ka dawo a kansa da wasu 100 ba tare da canja hannun da kake zagayawa ba. Jimla 200 ke nan. Ƙirga zagaye aikin mutum biyu ne: ɗaya na naɗi, ɗaya na ja layi a takarda duk bayan goma.

Naɗi na biyu kuma a kan bututun kwali za a yi shi. Ka nannaɗe kwalin ya zama bututun da naɗi na farko zai shige cikinsa ya fita ba tare da gogayya ba, ka manna masa fai-fai biyu na kwali a baki da baki don kada waya ta zame. A nan za a naɗa siririyar wayar zagaye 500. Ba sai ta jeru tsaf ba, amma kada ta karye ko ta ƙulle. Idan ka kai zagaye 250, ka fito da ɗan madauki waje ka murɗe shi, sannan ka ci gaba. Wannan madaukin zai ba ka damar amfani da rabin naɗin daga baya ba tare da warware komai ba.

Abin da ya fi lalata wannan gwaji a hannun masu fara shi shi ne banish. Wayar tana ƙyalli kamar tsirararta, alhali a rufe take. Dole a kankare bakin kowace jela, har da madaukin nan, tsawon santimita 2 ta kowane gefe, sai launin jan ƙarfen ya fito fes. Bayan haka ka auna da mita: naɗi na farko zai ba da om 1 da ɗan ɗoriya (om shi ne ma'aunin turjiyar waya), na biyu om goma sha wani abu. Tsakanin jelar na farko da jelar na biyu kuwa kada mita ta nuna komai. Wannan awon na ƙarshe ka ajiye shi, za ka maimaita a gaban aji.

Haɗawa

Da'ira biyu ce, kowace zaman kanta take yi. Ta farko: batura biyu a jere, makunni, naɗi na farko. Ta biyu: naɗi na biyu da galbanomita, ba wani abu. Ka zura damin ƙarfe cikin bututun roba, ka zura bututun cikin na kwali. Ka ja wayoyin galbanomita ta yi nisan kamu biyu ko uku daga ƙarfen.

Da volt 3 a kan om 1 da ɗoriya, kwararar za ta haura amfiya 1. Wannan nauyi ne ga baturan tocila, kuma waya za ta ɗumama, shi ya sa aka zaɓi makunnin da ke sakin kansa. Kada dannawa ta wuce daƙiƙa 5. Kada kuma a ce za a ƙara armashi da batirin mota ko na sola. Volt 12 a kan wannan naɗi zai tura amfiya kusan 10, banish ya ƙone kafin ka gama bayani.

A gaban aji

Kafin ka taɓa makunni, ka kira ɗalibi ɗaya ya auna tsakanin naɗin biyu, ya shaida wa 'yan uwansa cewa babu haɗi. Idan ka tsallake wannan, duk abin da allura za ta yi, wani zai ce daga baya, "Malam, ai wutar batir ce ta tsallaka."

Sannan ka rubuta tambayoyi uku a allo: me allura za ta yi lokacin da aka danna? Me za ta yi yayin da ake riƙe da dannawar? Me za ta yi lokacin da aka saki? Kowa ya rubuta amsarsa a littafinsa tukuna. Galibi ajin kan rabu biyu: masu cewa ba za ta motsa ba tunda babu haɗi, da masu cewa za ta karkata ta tsaya a can har sai an kashe. Duka ɓangarorin sun yi tunani mai ma'ana, duka kuma sun kuskure, kuma daɗin darasin a nan yake. Kada ka gaya musu komai.

Danna ka riƙe. Allura za ta zabura gefe guda, ta dawo sifiri alhali yatsanka na kan makunni. Ka bar su su kalli wannan sifirin da kyau, domin shi ne zuciyar darasin. Don kada a ce batir ne ya mutu, ka kawo ɗan ƙaramin ƙusa kusa da bakin ƙarfen, su ga ya manne. Maganaɗisu yana nan da ƙarfinsa, naɗi na biyu yana cikinsa tsundum, amma babu lantarki. Yanzu saki. Ƙusa zai faɗi, allura ta zabura ɗaya gefen ta dawo. Abin kamar ƙyauren da ke ƙara ne: ko a buɗe yake ko a rufe ba a jin sa, sai lokacin buɗewa da lokacin rufewa.

A ajin da ke da mutum sittin ko fiye, na baya ba za su ga allura ba. Ko dai ka riƙa kiran su layi-layi, ko ka ɗauki bidiyon allurar da yatsanka tare a wayar hannu, da tsarin nan mai rage saurin hoto, ka zagaya da shi. Ka tabbata ɗalibai da kansu sun danna, ba kai kaɗai ba.

Bayanin kuma a taƙaice yake. Kwararar batir tana mayar da ƙarfe maganaɗisu. A lokacin dannawa, layukan maganaɗisun da ke ratsa naɗi na biyu suna tashi daga babu zuwa cikarsu, wannan hauhawar ce ke tura lantarki. Da sun cika sun tsaya, turawa ta ƙare. A lokacin saki suna rushewa, sai turawar ta juya. Dalilin juyawar shi ne dokar da Lenz ya bayyana a 1834: lantarkin da aka haifar kullum yana adawa da canjin da ya haife shi. Idan maganaɗisu na ƙaruwa, yana ƙoƙarin danne shi. Idan yana raguwa, yana ƙoƙarin riƙe shi.

Canje-canjen da ke tabbatar da doka

A nan ne ya kamata a ɓata lokaci. Abu ɗaya ake canjawa a kowane karo, kuma kafin kowanne sai an tambayi aji hasashensu.

Juya batura. Zaburar dannawa za ta koma inda ta saki take a da.

Zare ƙarfen, ka danna. Motsin allura zai ragu ƙwarai, wataƙila ɗan rawa kawai za a gani. Ba a canja batir ba, ba a canja waya ba, ƙarfen ne ke ninka maganaɗisun sau da yawa. Daga nan ka yi wani abu da ke haɗa wannan gwaji da na sandar maganaɗisu: ka danna ka riƙe, allura ta dawo sifiri, sannan wani ɗalibi ya zura ƙarfen da sauri. Allura za ta motsa alhali ba a taɓa makunni ba. Ya zare, ta juya. Haka ma idan aka janye bututun kwalin daga kan na roba. Hanya uku ke nan daban-daban, kunnawa, zura ƙarfe, da matsar da naɗi, kuma abu ɗaya ne ya haɗa su: adadin layukan da ke ratsa naɗi na biyu ya canja.

Mayar da waya ɗaya ta galbanomita kan madaukin zagaye 250. Zaburar za ta ragu zuwa kusan rabi. Cire batir ɗaya, ita ma ta ragu.

Idan akwai abin rage kwarara mai zamiya a ɗakin gwaji, ka saka shi a da'irar farko. Danna makunni ka riƙe, ka ja shi a hankali, allura ta ɗan karkata muddin kana ja. Fizge shi, ta zabura. Canji iri ɗaya ne, saurinsa ne ya bambanta, kuma a nan ne dokar Faraday ke shigowa: volt ɗin da ake samu daidai yake da yawan zagaye sau canjin layukan maganaɗisu, a raba da lokacin da canjin ya ɗauka. Ba su misali da lambobi masu sauƙi. A ce zagaye 500 ne, canjin kuma weba 0.00001 (weba shi ne ma'aunin layukan maganaɗisu). Idan ya faru cikin daƙiƙa 0.002, za a samu volt 2.5. Idan ya faru cikin daƙiƙa 0.0001, za a samu volt 50. Batir bai canja ba.

Idan babu galbanomita

Kamfas zai iya maye gurbinta, kuma kusan abin da Faraday ya yi ke nan: ya bi da waya ta saman allurar maganaɗisu da ya ajiye ƙafa 3 daga zoben. Ka naɗa zagaye 50 na siririyar waya a jikin kamfas, ta sama da ƙasa, ka juya shi har allura ta kwanta daidai da layin wayar, wato naɗin ya miƙe kudu da arewa. Haɗa shi da naɗi na biyu da doguwar waya, nisan mita 2. Motsin kaɗan ne, 'yan digiri, amma idan ka riƙa dannawa da saki daidai da lilon allurar, lilon zai yi ta girma. Akwai tarko a nan: idan allura ta karkata ta tsaya a karkace, ba lantarkin da aka haifar ba ne, maganaɗisun ƙarfen ne ya iso ta kai tsaye. Cire waya ɗaya daga naɗi na biyu ka sake dannawa. Idan har yanzu tana motsi, ƙara nisa.

Wata hanyar ita ce ƙananan ƙwayayen LED biyu, ja da kore, a haɗa su gefe da gefe amma a juye: doguwar ƙafar wannan da gajeriyar wancan. LED hanya ɗaya yake barin lantarki ya bi, don haka ɗaya zai ƙyafta a dannawa, ɗayan a saki. Suna buƙatar kusan volt 2 kafin su kama, kuma ƙyaftawar gajeriya ce, sai an rufe tagogi. Sau da yawa na sakin ya fi fitowa, kuma ɗalibi mai lura zai tambayi dalili.

Me ya sa kashewa ta fi kunnawa zafi

A kan galbanomita zabura biyun kusan daidai suke, domin allurar tana da nauyi, jimlar abin da ya wuce take nunawa, kuma layukan da suka taru su ne suka rushe. Amma volt ɗin ba ɗaya ba ne. Lokacin dannawa, naɗi na farko da kansa yana adawa da hauhawar kwararar, don haka tana hawa ne sannu-sannu gwargwadon ƙarfin batir. Lokacin saki kuwa hanya ce aka datse farat ɗaya. Joseph Henry, wanda ke koyarwa a Albany ta Amurka, ya lura da tartsatsin da doguwar naɗaɗɗiyar waya ke yi idan an cire ta daga batir, ya wallafa hakan a 1832; sunansa aka sa wa ma'aunin wannan hali.

Don nuna shi, ka samo tsohuwar ƙaramar taransifomar rediyo mai rage 220 zuwa 12. Haɗa batir ɗaya tak da makunni a ɓangaren 12. A ɓangaren 220 ka haɗa ɗan ƙwan niyon irin na cikin testa ko na soket mai jan haske, wanda ba ya kamawa sai volt ya kai wajen 60 zuwa 90. Zagayen ɓangaren 220 ya ninka na 12 kusan sau 18, don haka a dannawa abin da za a samu bai wuce volt 27 ba, ƙwan ba zai kama ba. A saki kuwa zai yi walƙiya ruwan lemo. Batirin volt 1.5 ne ya yi wannan.

A nan sai an yi hattara. Ka naɗe duk mahaɗan ɓangaren 220 da salatif kafin ka sa batir, kuma wannan taransifoma ba za ta kusanci soket ɗin bango ba ko da wasa. Akwai malaman da kan sa ɗalibai su riƙe hannun juna a ji girgizar. Kada ka yi, ba ka san mai ciwon zuciya a cikinsu ba. Kada kuma ka haɗa galbanomita a wannan ɓangaren, allurar na iya lanƙwashewa.

Da wannan walƙiyar sai ka kai su garejin makanikai. A tsofaffin motoci irin Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, akwai ɗan makunni a cikin distiributa da ke buɗewa yana rufewa yayin da inji ke juyawa. Duk buɗewa tana datse kwararar batirin volt 12 a naɗi na farko na kwayil, sai naɗi na biyu, mai dubban zagaye, ya ba da volt dubbai da ke tsallaka bakin fulogi ya kunna fetur. Motocin yanzu transista ce ke yin datsewar, amma kwayil ɗin yana nan. Haka nan taransifomar unguwa tana aiki ne saboda wutar layi tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, canji ba ya tsayawa. Tambayar da za ka bar musu su tafi da ita gida: mai sola yana da batir cike da wuta da taransifoma mai kyau, me ya sa duk da haka sai ya sayi inbata kafin fankarsa ta juya?

Idan allura ta ƙi motsi

Fara da banish, ka sake kankare kowace jela. Sannan gwada ƙusa a bakin ƙarfe yayin dannawa: idan bai manne ba, matsalar tana da'irar farko, ko batir ya yi sanyi ko makunni ba ya haɗawa. Idan ya manne, auna naɗi na biyu, siririyar waya kan tsinke a inda aka lanƙwasa ta. Idan allura tana rawa sau biyu ko uku a dannawa guda, bakin makunnin ne ke tsalle kafin ya zauna. Goge shi da samfefa ko ka canja wani. Ka tafi aji da sababbin batura biyu a aljihu, domin waɗanda ka yi gwaji da su daren jiya sun riga sun sha wuya.